Mutanen da Na Bari a Gindin Dutsen Masaba

A gabashin Yuganda, dab da iyakar Kenya, akwai wani gawurtaccen dutse da taswira ke kira Elgon, mutanen wurin kuma suke ce masa Masaba. Ƙololuwarsa ta kai mita 4,321. In kana birnin Mbale da ke gindinsa ka ɗaga kai, ba abin da za ka gani sai kore shar: ayaba, gahawa, masara da wake, an shuka su a kan gangare har iya inda ƙafa za ta taka. A ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke maƙale a jikin dutsen nan na yi aikin sa-kai a shekarar 2012, kuma har gobe ina begen mutanen da muka yi aikin tare.

Karatun maigidana ne ya kai mu. Ya samu gurbi a Jami'ar Musulunci ta Mbale, wadda aka buɗe a 1988, 'yar'uwar wadda ke garin Say a Nijar, kuma ba a rasa jin Hausa a harabarta saboda ɗalibanmu na Arewa. Ni kuwa ungozomar asibiti ce, hannuna bai saba da zama haka nan ba. Da na kammala rajista da hukumar ma'aikatan jinya ta ƙasar, sai wata ƙaramar ƙungiyar agaji ta haɗa ni da wani asibiti can sama, inda ake neman ƙarin hannu. Farkon mako in hau acaɓa in haura, ƙarshen mako in gangaro gida.

Yuganda ta jera asibitocinta hawa-hawa. A can ƙasa akwai 'yan sa-kai na ƙauye, waɗanda ba su da gini, gida-gida suke bi. Mataki na biyu kamar sha-ka-tafi ɗinmu ne. Na uku yana da ɗakin haihuwa, ɗakin gwajin jini da 'yan gadajen kwanciya. Sai a na huɗu ake sa ran samun likita da ɗakin tiyata. Namu na uku ne: gini mai rufin kwano, tankin tara ruwan sama a gefe, da sola mai riƙe da firjin alluran rigakafi. Tun 2001 gwamnati ta soke kuɗin da ake biya a asibitocinta, don haka talaka ba ya shakkar zuwa. Fargabarsa ɗaya, kada ya sha hawa da gangara ya iso a ce masa magani ya ƙare.

Shugaban wurin jami'in lafiya ne mai difloma ta shekara uku, irin waɗanda ƙasashen gabashin Afirka suka jingina da su a karkara. Siririn mutum ne marar hayaniya. Kafin ya buɗe ƙofa da safe, bencina sun cika da mata da goyo, kowacce na gaishe shi da “Mulembe, Musawo.” Yakan ɗaga rigar yaro ya ƙirga numfashinsa da agogon hannu, ya ja fatar idonsa ya ga ko jini ya yi ƙasa, sannan ya tura a huda masa yatsa. In gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro, sai a ba da Coartem, a koya wa uwa yadda za ta ba shi safe da yamma har kwana uku. In bai nuna ba, sai ya zauna ya lallashi matar da ta tako tun asuba da niyyar a yi wa ɗanta allura, har ta yarda cewa ba kowane zafin jiki ne na sauro ba. Wannan lallashi ya fi rubuta magani wuya, amma ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba.

Uwar ɗakina kuwa ita ce babbar ungozoma. Ni Sista nake ce mata, ita kuma ƙanwata take kirana. Ta daɗe a wurin har ta kai wasu daga cikin masu zuwa awo ita ce ta yanke musu cibiya. Ɗakinta yana bayan asibitin, kuma kowa a kan dutsen ya san tagar da ake ƙwanƙwasawa da tsakar dare. A 2010 gwamnati ta hana ungozomomin gargajiya karɓar haihuwa, amma Sista ba ta juya musu baya ba. Ta san mata sun fi sakin jiki da su, sai ta mai da su 'yan rakiya: tsohuwa ta kawo mai naƙuda, a ba ta kujera, a gode mata a gaban jama'a. Da haka ɗakin haihuwarmu ya riƙa cika.

Akwai daren da ba na mantawa. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya sa'ad da wata 'yar sa-kai ta bugo waya daga wani ƙauye da ke samanmu, ta ce mace ta haihu a gida, jini ya ƙi tsayawa. Maza huɗu suka sauko da ita a kan bargo da aka ɗaure a jikin sanduna biyu, suna zamewa a laka, ita kuma mai wayar tana biye da jariri a ƙirjinta. Da suka shimfiɗe ta, tafin hannunta ya yi fari fat, jikinta ya yi sanyi. Sista ta dube ni ta ce, “Ƙanwata, samo mini jijiya, sauran ki bar mini.” Dattijon mai gadi ya riƙe mana tocilan, hannunsa ko rawa bai yi ba. Na sa ƙarin ruwa, aka yi allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, Sista na murza marar matar da hannu ɗaya, ta sa ɗayan ta fito da guntun mabiyiyar da ya maƙale. Jinin ya lafa, amma matar na bukatar ƙarin jini, kuma sai a babban asibiti ake samunsa. Mota ba ta hawa wannan hanya in ta jiƙe. Wani saurayi ɗan acaɓa, wanda ya san kowane rami na hanyar, ya ce a ɗora masa ita. Aka zaunar da ita tsakaninsa da wanta, wan yana ɗage da ledar ruwan sama da kansa, takardar Sista na cikin aljihunsa. Allah Ya yi da sauran kwananta. Ranar da ta dawo yi wa ɗanta rigakafi, sai da ta bi kowa ɗaya bayan ɗaya ta riƙe hannunsa, har mai gadi.

In na lissafa waɗanda suka ceci matar nan, mafi yawansu ba su da takardar shaidar komai. 'Yar sa-kan da ta bugo waya manomiya ce, ba ta da albashi, jakar leda kawai take ratayawa da littafin da ta rubuta sunan kowace mai ciki a ƙauyensu. Matar da ke share mana ɗakuna ita ce bakina da kunnena, domin ni Turanci nake ji, tsofaffin dutsen kuwa Lumasaba kaɗai. Ita ke faɗa mini abin da mace ta ce, ta ƙara da abin da ta ji nauyin faɗa: wadda mijinta bai san ta zo ba, wadda ta sha saiwa kafin ta taho, wadda rabonta da abinci tun jiya. Mai gwajin jini kuma, in ba rana sola ta gaza, yakan fito da madubin awonsa bakin taga ya yi aiki da hasken gari.

Baƙi 'yan sa-kai sukan zo daga Ingila da Amurka, yawancinsu ɗaliban likitanci da na jinya. Sukan zo da safar hannu, da na'urar awon hawan jini, da zuciya mai son taimako, kuma an amfana da su. Sai dai kowane sabon zuwa sai an koya masa gaisuwa, an nuna masa magungunan da ake da su, an tsaya kusa da shi ana fassara. Wannan ɗawainiya a kan ma'aikatan wurin take, bayan aikinsu na kullum, kuma da fara'a suke yin ta, sun san ba da jimawa ba za su sake ta ga wani. Hausawa suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Ni ma raɓar ce, ko da yake fatarmu ɗaya da su.

Zama a kan dutsen nan kansa jarumta ce. A ranar 1 ga Maris, 2010, bayan mamakon ruwa, ƙasa ta zaftare a Nametsi cikin gundumar Bududa, ta binne gidaje da kasuwa har da asibitin ƙauyen, aka rasa rayuka masu yawa. Abokan aikina sun san wasu daga cikin waɗanda abin ya rutsa da su. In ruwa ya kwana yana zuba, sai ka ga hira ta ragu, ana yawan leƙa gangaren da ke bayanmu. Duk da haka ban ji wanda ya ce zai bar marasa lafiya ya sauka gari ba.

Azumin shekarar ya faɗo daga Yuli zuwa Agusta, ya haɗu da lokacin Imbalu, bikin kaciyar samari da Bamasaba ke yi a shekarun da suka rabu biyu daidai. Gangunan kadodi na tashi a hanya, mu kuma muna wanke raunin waɗanda nasu ya ƙi warkewa. Yawancin abokan aikina Kiristoci ne, amma ba a taɓa barina a bakin aiki da magariba ba. Da rana ta yi ja, Sista za ta karɓi abin da ke hannuna ta ce, “Je ki sha ruwa, ƙanwata.” In je in tarar da dafaffiyar ayaba, wadda suke kira matoke, an lulluɓe ta da ganye don kada ta huce, wani lokaci da malewa, tohon gora da ake ƙyafewa a dafa da gyaɗa. Ranar Sallah na yi musu tuwon masara da miyar kuka daga 'yar kukar da na taho da ita, muka zauna a tabarma ɗaya, mai shara da shugaba.

Da karatun maigidana ya ƙare muka dawo gida, na koma aikina. Yanzu in ƙananan ma'aikata suka zo suna shawara a kan tafiya aikin sa-kai, ko wata ƙasa ko wani ƙauye na kusa, nakan ƙarfafa musu gwiwa, don tafiyar alheri ce. Sai in ce su fara neman wadda ake ƙwanƙwasa wa taga da dare, su gaishe ta da ladabi, su tambaye ta inda take son a kama mata. Masu ba da tallafi kuma ina roƙonsu su tuna cewa kuɗin jirgin baƙo ɗaya zai iya gyara rufin ɗakin ungozoma, ko ya saya wa 'yan sa-kan ƙauye takalman ruwa da keke, ko ya taimaka wajen tura yarinyar garin makarantar jinya. Waɗannan mutane ne za a tarar a wurin bana da baɗi, su ya kamata a fara ƙarfafawa.

Sista da jami'inmu, da mai shara, da mai gadi, da mai gwajin jini, da 'yan sa-kan da ke hawa dutse da littafi a jakar leda, Allah Ya saka muku da alheri, Ya tsare ku daga zaftarewar ƙasa, Ya ba ku magada daga cikin 'ya'yan da kuka karɓi haihuwarsu.