Tsofaffin Madatsun Kan Dutse a Kolorado

A farkon ƙarnin da ya wuce, manoman gabashin jihar Kolorado ta Amurka ba su da damuwar da ta wuce ta ruwa. Ƙasar tana da albarka, amma ruwan sama kaɗan ne. Abin dogaro shi ne ƙanƙarar duwatsun Rocky, ita kuwa da ta fara narkewa sai ta kwararo gaba ɗaya, kafin shuka ta shiga ƙishi sosai ruwan ya riga ya wuce. Sai manoma suka kafa kamfanonin ban ruwa, suka hau duwatsu suna tare bakin ƙananan tafkuna da ƙasa da duwatsu, don su riƙe ruwan har lokacin buƙata.

Haka aka yi wa tafkin Lawn a 1903, can sama da mita 3,300 daga doron teku, aka kuma ƙara wa madatsar tsayi a 1931. Gandun dajin Rocky Mountain da aka kafa a 1915 tarar da ita ya yi, ruwan ya ci gaba da zama na manoman yankin Loveland. Kafin a kai wurin sai an yi tafiyar ƙafa ta kusan kilomita 10, yawanci hawa. Madatsa tana can tana tsufa, masu ita suna ƙasa suna shan ruwanta.

Da sanyin safiyar 15 ga Yuli, 1982, gari garau ba ko hadari, ta ɓalle. Dalmar da aka liƙe mahaɗar bututun fitar da ruwa da ita ce ta lalace, ruwa ya yi ta cin ƙasar ta ciki ba wanda ya gani. Ambaliyar ta bi kogin Roaring tana mirgino manyan duwatsu, ta fasa madatsar Cascade da ke ƙasa, ta shiga tsakiyar garin Estes Park da laka. Mutum 3 suka rasu, dukansu masu yawon shaƙatawa a dajin, hasara ta kai dala miliyan 31. Mutanen Kano da suka ga abin da fashewar madatsar Bagauda ta yi a 1988 ba sa buƙatar a kwatanta musu irin wannan rana.

Daga nan kallon da ake yi wa waɗannan madatsu ya sauya. Hukumar gandun ta rushe na tafkunan Pear da Sandbeach da Bluebird, har da jirgi mai saukar ungulu aka kwashe ɓaraguzan kankaren Bluebird. Tafkin Lily ne aka bi masa wata hanya. Madatsarsa ta 1915 ce, masana sun ce tana da haɗari, aka tambayi jama'a: a rushe ko a gyara? Wuri ne na bakin titi, da hanyar ƙafa shimfiɗaɗɗiya da ta zagaye shi, wadda tsoho da mai keken guragu ke iya bi, ga masu fatsa. Aka zaɓi gyara a 2012. Da babbar ambaliyar Satumbar 2013 ta zo, madatsar ta tsaya.

Amma ni a ganina, wajen gyara abin da aka ɓata a waɗannan duwatsu, aikin kankare shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne kifi. Kafin zuwan masu haƙar zinare, koramun wannan ɓangare cike suke da wani kifin ruwan sanyi da ake kira greenback, mai jan zane a ƙarƙashin haɓa. Dattin ma'adinai da yawan su da karkatar da koramu suka rage shi, baƙin kifayen da aka riƙa zubawa don masu fatsa suka ƙarasa korarsa, har a 1937 aka ɗauka ya ƙare. Da aka sake ganin masu kama da shi, aka shafe shekaru ana kiwonsu ana zubawa a tafkuna, jihar ma ta ɗauke shi a matsayin kifinta a 1994. Sai binciken ƙwayoyin gado na Jami'ar Kolorado a 2012 ya nuna cewa waɗanda ake ta zubawa 'yan uwansa ne na wasu kogunan. Na asalin sun rage ne a korama ɗaya tak, Bear Creek, kusa da Colorado Springs.

Abin da ya burge ni shi ne ba a rufe wannan magana ba, ba a kuma yi fushi an watsar da aikin ba. An ɗebi iri daga wannan korama aka kai gidan kiwo, aka raba wani tafki mai suna Zimmerman da baƙin kifayen da ke ciki, a 2014 aka zuba masa greenback na gaskiya. Ƙa'idar masu fatsa a can ita ce duk wanda ya kama wannan kifi ya mayar da shi ruwa da ransa.