Bangon da ke magana a Comuna 13

A birnin Medellín na ƙasar Kolambiya, unguwar Comuna 13 tana manne da jikin tsauni, gidajen jan bulo sun hau kan juna. A watan Oktoba na 2002 sojoji da 'yan sanda suka afka mata a samamen da ake kira Orión, mutane da dama suka ɓace. A 2011 aka kafa matakalar lantarki a sarari, mai tsawon mita 384, hawan da kan ci rabin awa ya koma 'yan mintuna.

Yanzu matasan unguwar ne ke zagayawa da baƙi, bango bayan bango, suna fassara zane. Ga zanen giwaye riƙe da fararen ƙyallaye, tunawa da ranar da mazauna suka ɗaga zannuwan gado suna roƙon a daina harbi. Ina jinjina wa jagoran da ba ya barin kiɗa da ɗaukar hoto su haɗiye wannan labari, jagoran da ke tsayar da ayari ya nuna La Escombrera, jujin da iyaye mata suka shekara ashirin suna cewa can aka binne 'ya'yansu. Sai a Disamba 2024 masu bincike suka tono ƙasusuwan farko a wurin.