IN DA JIYA ZA TA DAWO

A cikin wasannin kwamfuta akwai wani iri wanda mai wasa ba ya ganin jikin jarumin da yake sarrafawa. Iyakar abin da yake gani shi ne hannuwan jarumin da bakin bindigarsa, sai ka ce an ara masa idanunsa ne. Galibin irin waɗannan wasanni ba su da wani zance sai harbi da gudu. Amma akwai wani mai suna Singularity wanda ya bar ni da tunani har yau. Shi ne nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai labarinsa, sa'an nan in faɗi ra'ayina a kan wata gardama da ya haddasa a ɗakin kwananmu.

Kamfanin Raven Software da ke jihar Wiskonsin ta Amurka shi ya shirya wasan, kamfanin Activision kuma ya fitar da shi kasuwa cikin watan Yuni na 2010, watau dai kusan sa'ana ne. Na san shi ne a dogon hutun da ya wuce, a wata tsohuwar kwamfuta ta yayana. Duk sa'ad da aka kawo wuta sai mu zauna muna karɓa-karɓa, har muka kai ƙarshensa. Tun da wuri in gaya wa mai karatu, akwai jini da abubuwan ban tsoro a cikinsa, saboda haka ba wasan ƙannenmu na aji ɗaya ba ne.

Ga yadda labarin yake. An ƙaga wani tsibiri mai suna Katorga-12 a gabashin Rasha, kusa da yankin Kamcatka. Ita kalmar katorga, a Rashanci, tana nufin aikin wahala da ake sa fursunoni tun zamanin sarakunan ƙasar. A cikin labarin, masana kimiyya na Tarayyar Sobiyat sun gano wani sinadari a tsibirin, suka kira shi E99, suka kuwa lura yana iya taɓa lokaci kansa. A 1955 sai wani mummunan haɗari ya auku, aka rufe wurin, aka ɓoye zancensa. Bayan shekara 55, watau a 2010, Amurka ta aika da sojoji su duba, a cikinsu har da Kyaftin Nathaniel Renko, wanda shi ne mai wasa yake zama. Jirginsu mai saukar ungulu ya faɗi. Renko yana cikin yawo a kango, sai kwatsam ya tsinci kansa a 1955, a tsakiyar gini yana cin wuta, ga wani mutum zai halaka. Renko ya saɓa shi a kafaɗa ya fitar da shi. Yana cikin haka sai ya ji wani yana ƙwala masa kira daga cikin hayaƙi, yana cewa kada ya cece shi, amma kafin ya ga ko wane ne rufi ya rufto wa mai kiran.

Da Renko ya komo 2010 sai ya tarar duniya ta sāke. Ashe wanda ya ceta ɗin nan, Nikolai Demichev, ya rayu ya yi amfani da E99 ya mallake duniya, yana mulkinta da zalunci. Daga nan wasan ya zama ƙoƙarin gyara wannan al'amari.

Makamin gyaran kuwa wata na'ura ce da ake ɗaurawa a hannun hagu, wadda wani masani mai suna Viktor Barisov ya ƙera. Aikinta shi ne ta tsufar da abu ko ta mai da shi sabo. In ka tarar da matakalar bene ta rushe, sai ka nuna ta da na'urar, ka ga ɓaraguzai suna tashi suna haɗuwa har ka hau. In ka tarar da akwatin ƙarfe a kulle, sai ka aika masa da shekaru, tsatsa ta cinye shi, ƙofar ta faɗi. In abokin gaba ya taso maka, kana iya tsufar da shi nan take har ya zama ƙasusuwa da ƙura. Tana kuma yin wani ƙawanya mai kama da kumfa, duk abin da ya shiga ciki sai ya tsaya cik. Wurin da ya fi burge ni shi ne inda Renko ya tayar da wani babban jirgin ruwa da ya daɗe da nutsewa, ya shiga neman wani bam a cikinsa. Yana ciki sai tsufa ya fara komo wa jirgin, bango yana tsatsa, ruwa yana kutsowa, dole ya yi sauri kafin jirgin ya koma inda ya fito. Ko a cikin wasan ma, gyaran ba ya daɗewa.

Da muka komo makaranta na duba jadawalin sinadarai da ke manne a ɗakin gwaje-gwajenmu, na ga ashe akwai sinadari mai lamba 99 na gaskiya. Malaminmu na kimiyya ya ce ba a Rasha aka gano shi ba. Masana a Amurka ne suka same shi a cikin tarkacen gwajin bam ɗin haidirojin na farko, wanda aka tayar ran 1 ga Nuwamba, 1952, a tsibiran Enewetak da ke tekun Fasifik, daga baya aka raɗa masa sunan Albert Einstein. Ba ya mai da tsoho yaro, ba ya tayar da jirgi. Malam ya ƙara da cewa gaskiya ne lokaci ba ya tafiya daidai a ko'ina, domin agogunan taurarin ɗan'adam na GPS suna wuce na ƙasa da abin da bai kai ƙiftawar ido ba kowace rana, har sai an yi musu gyara. Amma komawa baya, wannan babu wanda ya taɓa yi.

To, a cikin wasan Renko ya yi ta komawa 1955. Ya ceci Barisov daga hannun Demichev, ya kai bam ya rusa abin da ya rusa, amma duk sa'ad da ya komo sai ya tarar Demichev yana nan daram. A ƙarshe ya gane cewa mai kiran nan na cikin hayaƙi shi ne da kansa, ya komo daga wani zagaye yana neman hana kansa. Nan wasan ya ba mai wasa zaɓi uku. Ko ka harbe Barisov ka bi Demichev ku ci duniya tare, ko ka harbe su duka biyun duniya ta rikice, ko kuwa ka koma 1955 ka harbe kanka kafin ka fitar da mutumin daga wuta. Mu na ukun muka zaɓa, muna tsammani shi ne na jarumta. Ai kuwa sai ga Renko a cikin jirgi kamar farko, amma a bakin tsibirin ga wani ƙaton gunki na Barisov, da na'urar a hannunsa. An kawar da azzalumi ɗaya, na'urar ta naɗa wani.

Wata rana da dare bayan an kashe fitila na ba abokan ɗakinmu wannan labari, sai gardama ta kaure. Yawancinsu suka ce laifin Renko ne duka, da ya bar mutumin ya ƙone da an huta. Ni ban yarda ba, har yanzu kuma ban yarda ba. A lokacin da Renko ya ga mutumin, bai ga shugaban duniya ba, mutum ya gani wuta za ta cinye shi. Wanda duk ya tsaya yana lissafin abin da mai neman taimako zai zama nan da shekara hamsin, to ba zai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Likita ba ya tambayar majiyyaci halinsa na gobe kafin ya ba shi magani. Zaluncin da Demichev ya yi daga baya, shi ya zaɓe shi da hankalinsa, alhakin kuma a wuyansa yake. Abin da ya ɓata duniyar wasan nan shi ne samun ikon da ya fi ƙarfin mutum, domin duk wanda ya riƙe shi sai ya ga shi kaɗai ya san abin da ya dace da kowa. Barisov ma ai da niyyar gyara ya fara.

Daga nan zancen ya juya, aka ce kowa ya faɗi abin da zai yi in an ba shi na'urar. Wani ya ce zai koma ranar jarrabawar lissafi da amsoshi a aljihu. Wani ya ce shi ranar ziyara zai riƙa maimaitawa, ya huta da gabzar makaranta. Muka yi ta dariya. Akwai wani abokinmu da ya yi shiru tun farko, wanda mahaifinsa ya rasu a haɗarin mota muna aji uku. Da aka zo kansa sai ya ce a hankali, “Ni makullin mota kawai zan ɓoye.” Ɗakin ya yi tsit, ba wanda ya sāke magana a daren nan.

Ya kai mai karatu, ban da hujjar da zan kawo wa wannan abokin nawa, ba na kuma neman ta. In da na'urar gaskiya ce, da ni zan fara ɗaura masa ita a hannu. Amma babu ita, Hausawa kuwa sun riga sun ce da na sani ƙeya ce. Abin da na lura da shi dai shi ne, a duk ɗakinmu babu wanda ya kai shi saurin tashi in wani ya kamu da zazzaɓi da tsakar dare. Sau biyu a wannan zangon na ga ya goyi yaro ɗan aji ɗaya zuwa ɗakin shan magani, a cikin duhu, bai tsaya tambayar ko ɗan gidan wane ne ba. Bai taɓa buga wasan nan ba, amma abin da Renko ya yi a cikin wuta shi yake yi.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman mu da za a damƙa wa riƙon makaranta baɗi. Ɗan ikon da za a ba mu a kan ƙannenmu, mu riƙe shi da tsoro, kada mu ɗauka mu kaɗai muka san daidai. Wanda kuma muka gani cikin wahala, mu ɗauke shi a lokacin da muka gan shi, domin in ƙararrawar safe ta kaɗa, daren jiya ya tafi ke nan.