Masu kira daban, masu sauraro daban

Akwai shirin noma da nake gabatarwa a wani gidan rediyo mai zaman kansa a Kano, kuma da hannuna na kusa kashe shi, a daidai lokacin da nake ganin ban taɓa samun karɓuwa irin ta wannan karon ba.

Gadon shirin na yi daga wani dattijon ma'aikaci da ya yi ritaya. Rabin awa ne, sau ɗaya a mako, bayan sallar isha'i. Malamin gona ya zo ya zauna, a saka muryoyin manoma da aka naɗo daga ƙauyuka, ya amsa tambayoyinsu, a buɗe layi na 'yan mintuna, a yi sallama. Wani lokaci mutum biyu su kira, wani lokaci wayar ko motsi ba ta yi. Tun da dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo a Najeriya, musamman bayan Freedom ta fara aiki a Kano a 2003 wasu suka biyo baya, kowa ya san da talla ake biyan albashi da sayen man janareta. Mai talla kuwa tambayarsa ɗaya ce: mutum nawa ke jin shirin nan? Mu a wurinmu abin da muke nunawa shi ne yawan kira da saƙon tes. Da wannan ma'auni, shirina yana can ƙasan jeri.

Sai wani dare muka taɓo maganar taki. Lokacin ana cikin tsarin nan da gwamnatin tarayya ta fito da shi a 2012, zamanin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, inda ake turo wa manomi saƙo a waya ya je ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Wani ya kira ya ce a mazaɓarsu an karkatar da takin, ya kama suna. Kafin ya ajiye waya layi ya cushe. Mai kare wanda aka zarga ya shigo, mai ƙaryata shi ya biyo baya, har lokaci ya ƙare malamin gona bai ce uffan ba. Washegari tun daga bakin ƙofa ake yi mini barka.

Daga nan na kama hanya. Wannan mako wa ya cinye taki, mako mai zuwa ina taraktocin ƙaramar hukuma suka shiga, na gaba wace gwamnati ce ta fi son manoma. Guguwar zaɓen 2015 ta taso ta same ni a shirye. Sojojin baka na kowane ɓangare suka gane akwai fili, suka mai da shi nasu. Na roƙi a dawo da shirin bayan la'asar, lokacin da 'yan kasuwa ke zaune a shago, masu motoci na kan titi, aka amince mini. Na daina fita ƙauye naɗo murya, don fitar tana cin mai da yini guda, kuma ba ta jawo kira. Rabon malamin gona ya koma minti biyar a ƙarshe. Mutum ne mai kawaici, bai taɓa yi mini ƙorafi ba, sai dai ya fara aiko uzuri, daga baya uzurin ma ya daina zuwa. Ban neme shi ba.

Karkatar da taki zalunci ne na gaske, kuma ya cancanci a faɗe shi a rediyo da babbar murya. Har gobe ina kan wannan. Laifina shi ne ban zaɓi maganar don manomin da aka cuta ba, na zaɓe ta ne don tana tara jama'a. Hujjar da ke kaina ita ce ban taɓa bin zargi ko ɗaya har ƙarshensa ba. Ban je ma'ajiya na ga buhunan ba, ban nemi takardar rabo ba, ban koma na ji ko wanda ya koka ya samu haƙƙinsa ba. A yi hayaniya a watse, mako mai zuwa a nemo wata.

Akwai kuma tambayar da ban tsaya na yi wa kaina ba: wane ne yake iya kiran gidan rediyo? Sai mai kati a waya, mai sabis a inda yake zaune, mai sukunin da zai yi ta danna lamba har ta shiga, wanda kuma bakinsa ba ya rawa idan ya ji muryarsa a iska. Da na saurara da kyau da na lura muryoyin nan ba su da yawa, su ne dai suke zagayowa, har na haddace gaisuwar kowannensu. Manomin Bunkure da ya rataye rediyonsa a reshen darbejiya yana ban ruwa ba zai kira ba. Matar da ke cikin gida tana suyar ƙuli, rediyo na gefenta tun safe, ba za ta kira ba. Bayan la'asar ɗin da na zaɓa ma, mai noman rani yana tsakiyar fadama, injin ban ruwa na ƙara a kunnensa. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ko Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta, kwafi guda kan zagaya unguwa, mai karatun boko ya karanta wa jama'a a dandali. Wanda ya ƙirga kwafin da aka sayar bai ƙirga waɗanda labarin ya isa kunnensu ba. Na san wannan tarihi tun ina makaranta, amma bai hana ni ɗaukar ƙarar waya a matsayin muryar jama'a ba.

A bazarar 2016 tsutsar tumatir ta auka wa gonaki. Masana na kiran ta Tuta absoluta, jaridu suka sa mata ebolar tumatir, manomanmu kuma suna ce mata sharon. Asalinta daga Kudancin Amurka take, ta ɓulla a Sifen a 2006, ta bi ta Arewacin Afirka har ta iso mu. Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu na shekarar. Kamfanin tumatirin gwangwani na Dangote da ke Kadawa, wanda bai daɗe da fara aiki ba, ya tsaya don babu abin sarrafawa. Farashin kwando ya ninka ya sake ninkawa, matan birni suka koma miyar kuka da busasshen kauɗa.

Ni ta ɓangaren farashin labarin ya iso mini, don shi masu kira ke kuka a kai. Na ɗauki rakoda na nufi Kwanar Gafan in ji ta bakin dillalai, da niyyar in dawo mu yi muhawara a kan wa ya jawo tsada. A can na haɗu da wani sarkin noma daga yankin Kura, wanda muka saba tun ina fita naɗo murya. Muka gaisa, ya ce in ba zan damu ba in raka shi gona.

Gonar tana cikin filayen da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa. Daga nesa sai ka ce wuta ce ta bi ta kai. Ya tsinko ganye ɗaya ya ɗaga shi saitin rana. Koren ya zube wuri-wuri, saura fatar ganyen fara sol, ana hango haske ta ciki, kuma tsakanin fatar sama da ta ƙasa ga wata 'yar tsutsa da ba ta kai tsawon farce ba tana motsi. Ya tsinko ɗan tumatir, ya nuna mini ƙaramar huda kusa da hancinsa, ya matsa, ciki ya ruɓe. A gefen gonar kuwa ga tarin robobin maganin feshi da babu komai a ciki, kala-kala.

Ya ce, "Malam, da can idan abu ya dame mu mukan ce bari a ji abin da malamin gona zai faɗa a shirinku. Bana mun kunna mun ji kuna ta taku, sai muka koma wajen mai shagon magani. Abin da ya miƙo shi muke saye. Yarana sun yi feshi safe da yamma, sun haɗa kala uku a tanki ɗaya, ɗayansu har ya kwanta."

Na ce, "Baba, ai da kun kira."

Ya ce, "Mu kira mu ce me, a cikin waɗannan manyan?"

Ba zan ce shirin rabin awa zai hana annobar ba. Ta fi ƙarfin manomi, ta fi ƙarfin ma'aikatu a shekarar. Amma akwai ilimin da yake hannun malaman gona da masu bincike a Samaru, wanda da ya isa kunnen mutumin nan da wuri da asararsa ta ragu. Tsutsar tana cikin ganye ne, shi ya sa yawancin maganin da ake watsawa a sama ba ya taɓa ta. Uwarta ƙaramar malam-buɗe-littafi ce mai yawo da dare, tana zuba ƙwai da yawan gaske, kuma cikin kamar wata guda 'ya'yan sun girma sun fara nasu. Idan aka nace wa magani iri ɗaya, nan da nan take sabawa da shi, don haka ƙara yawansa ɓarnar kuɗi ce da cutar da mai feshi. Ana rage ta da tarkon ƙamshi mai jawo mazan, ko fitila a kan baho mai ruwa da ɗan sabulu da dare. Shukar da ta kamu a tuge ta a binne ko a ƙone, kada a bar ta a bakin gona, kuma kada a maimaita tumatir a wurin nan take. Duk wannan bai fi bayanin minti goma ba. Ina da makirfo, ina da lokaci, ina da lambar wanda ya san bayanin, na kashe makonnin nan ina raba faɗan 'yan siyasa.

Gida na bi malamin gona na ba shi haƙuri. Ya karɓa ba tare da ya tuna mini komai ba, sharaɗinsa ɗaya, a mayar da shirin dare.

Gyaran ya ɗauki lokaci, kuma babu wani abin burgewa a cikinsa. Muka zauna muka rubuta kalandar aikin gona ta shekara muka manna a bango: sharar gona, zaɓen iri, shuka, noman farko, zuba kamfa da yuriya, maimai, girbi, ajiya, sannan renon tumatir da albasa na rani. Ƙa'idarmu ita ce shiri ya riga aiki da mako biyu ko uku, don maganar iri ba ta da amfani ga wanda ya riga ya shuka. Kowane shiri tambaya ɗaya yake ɗauka, a juya ta ta kowace fuska, a maimaita amsar a ƙarshe da kalmomin da manomi ke amfani da su, mudu da gwangwanin madara da murfin roba, ba lita da giram ba. Na nemi a riƙa maimaita shirin da sassafe don wanda barci ya ɗauke. Tambayoyi kuwa muka koma nemo su inda suke, a kasuwannin ƙauye ranar ci, a bakin rijiya, a wajen masu sayar da iri. Daga baya da WhatsApp ya yaɗu, saƙon murya ya sauƙaƙa mana, domin wanda ke jin nauyin magana kai tsaye yakan iya naɗa a gonarsa ya ba ɗansa ya turo. Maganar taki ba mu bar ta ba, amma yanzu idan an kawo zargi sai mun je mun gani kafin mu saka, mu kuma koma bayan wata guda mu faɗi inda aka kwana.

Kira ya ragu ƙwarai, kuma sai da na sha zama da sashen kasuwanci ina bayani. Suna da gaskiyarsu, albashi ba ya jira. Abin da ya taimake ni shi ne wasu alamu da suka fara fitowa ta inda ban saba dubawa ba. Da kaka ta zo muka yi makonni a kan ajiyar wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da ake samu a ciki, irin fiya-fiyar da ake yayyafawa a buhu, kuma irin waken nan mu ma shi muke ci a gida. Muka yi ta bayanin buhun PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje, a matse iska a ɗaure kowanne daban, ƙwaro ya mutu don rashin numfashi ba tare da ɗigon magani ba. Mu a shiri buhu mai riga uku muke ce masa. Wani mai sayar da buhuna a Dawanau ya gaya mini mutane na zuwa daga ƙauye suna tambayar mai riga uku, sai da ya tambaya kafin ya gane abin da suke nufi. Wani manomi kuma ya tare ni a kasuwa ya ce mun yi kuskure a tazarar shukar gero, a ƙasarsu mai yashi ba haka ake yi ba, kuma shi ke da gaskiya, muka gyara a mako na gaba. Masu sayar da iri da kayan feshi da suka ga haka suka fara kawo talla, tare da sharaɗinmu cewa malamin gona ba zai yabi maganin kowa a cikin shiri ba.

Tsutsar masara da ta shigo Najeriya a 2016 ta same mu a farke a daminar da ta biyo baya. Tun masara na gwiwa muke cewa a shiga gona da sassafe a leƙa cikin zuciyar shukar, idan an ga ganye ya huhhuje da wani gari-gari kamar dusa, to tana ciki, a ɗauki mataki tun tana ƙarama.

Akwai waɗanda suka bar mu a shekarun hayaniya ba su dawo ba, sun koma wasu tashoshin, kuma ba ni da bakin zarginsu. Akwai kuma gurbin da har yanzu ban cike ba. Mata su ne ke kiwon akuya da kaji, su ke sarrafa gyaɗa da shinkafa, su ke riƙe da irin kuɓewa da yakuwa daga shekara zuwa shekara, amma muryarsu a shirin ba ta taka kara ta karya ba, domin ni namiji ne, iyakata zaure. Bana mun samu wata malamar gona da ta yarda ta riƙa shiga gidaje da rakoda sau ɗaya a wata, kuma tambayoyin farko da ta kawo duk a kan ciwon da ke kashe kaji da hunturu ne, don haka da rigakafinsa za mu buɗe watan Nuwamba.