Lidon Waya Tsakanin Funtua Da Malumfashi

A hutun zangon farko muka hau mota daga tashar Funtua zuwa Malumfashi. Kaka ta yi, an shanya masara a gefen titi, auduga ta yi fari fat a gonaki. A Bakori muka sauka shan ruwa, sai ga samari huɗu a rumfar mai cajin waya sun haɗa kai kan waya ɗaya suna buga Ludo King, manhajar nan ta Indiya da ta fito a 2016.

Me ya raba su da allon lido? Rigima. Ƙwayar hannu akwai gwanin da ke murza ta ta ba shi shida, ta waya kuwa ba ta san ɗan gida ba. Wannan kam mun yarda.

Inda muka ja da su shi ne biyan kuɗi. Manhajar kyauta ce, talla ce kawai ke katse wasa, amma mai wayar na shirin zuba kuɗin da ya samo a cirar auduga don a cire masa tallar. 'Yan uwa ɗalibai, ko an biya ko ba a biya ba, ɗaya zuwa shida ƙwayar ke bayarwa. Ga kuɗin data, ga na caji.

Da la'asar a Malumfashi muka tarar da dattawa a gindin darbejiya suna dara: gida 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wani kara wani tsakuwa. Ba ƙwaya, lissafi ne zalla. Muka ce, "Baba, a ba mu wuri." Sau uku wani tsoho ya cinye mu kafin a kira magariba.