Harbi a Cikin Ƙanƙara: Abin da Muka Gani a Wayar Malam

Wata Talata a tsakiyar hunturun nan, mu 'yan Ƙungiyar 'Yan Jarida muka yi sammako don mu sabunta wannan allo kafin a kaɗa ƙararrawar asambili. Babu wanda ya iya riƙe biro da kyau. Yatsu sun ƙage, leɓuna sun tsage, kowa ya cusa hannu a hammata. Ma'aunin zafi na ɗakin gwaje-gwaje ya nuna digiri 13. Muka ce wa malamin da ke kula da ƙungiyarmu, "Malam, a yi mana uzuri, yau rubutu ba zai yiwu ba." Bai yi mana faɗa ba. Wayarsa ya ciro, ya ce mu matso kusa.

Fili muka gani fari fat, ko'ina dusar ƙanƙara. Mutane suna zamiya a kanta da dogayen sillaye ɗaure a ƙafafunsu, sanda bibbiyu a hannu, kowa ya goya bindiga a baya kamar jariri. Da suka iso wani wuri sai suka kwanta rub da ciki, kowa ya yi harbi biyar, ya miƙe ya ci gaba da gudu.

Ɗaya daga cikinmu ta kau da kai. Danginta sun baro ƙauyensu ne saboda 'yan bindiga, kuma duk mun sani. A wajenmu ƙarar bindiga ba abin tafi ba ce. Malam ya tsayar da bidiyon, ya bayyana mana cewa wannan wasa ne mai tsauraran dokoki. Bakin bindigar sama yake kallo muddin tana goye, ba a ɗana mata harsashi sai an iso filin harbi, kuma faifan ƙarfe ake harbi. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce a ci gaba.

Sunan wasan bayatalon, wato gasa biyu a haɗe: tseren zamiya a kan ƙanƙara da harbi. Asalinsa atisayen sojojin ƙasar Norwe ne, waɗanda tun ƙarni na 18 suke gwada kansu a haka. Ya shiga gasar Olamfik ta lokacin sanyi a 1960, mata kuma suka fara fafatawa a cikinsa a Olamfik ta 1992. Ole Einar Bjørndalen na Norwe shi kaɗai ya ci lambobin Olamfik 13, takwas daga ciki na zinare.

Nauyin bindigar bai gaza kilo 3.5 ba. Tsakanin maharbi da abin da zai harba mita 50 ne, kusan rabin tsawon filin ƙwallonmu. Idan a kwance yake, faɗin abin harin santimita 4.5 ne, kamar lemon tsami. Idan a tsaye yake, santimita 11.5 ne. Duk harbin da ya kuskure yana da tara: ko dai ya zagaya wani da'ira mai tsawon mita 150 yana kallon abokan takara suna wucewa, ko kuma, a wani nau'in tseren, a ƙara masa minti guda a kan lokacinsa.

Sai muka tambayi sanyin. Malam ya ce dokar wasan ta hana a fara gasa idan sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili. Ma'ana a digiri 15 ƙasa da sifili ana iya fita a yi. Muka dubi juna, mu da muke neman uzuri a digiri 13 sama da sifili.

A irin wannan sanyi, ita kanta bindigar halinta yakan canja. Man da ake shafa mata yakan yi kauri, kamar yadda man shanu ke daskarewa da safe, har sassanta su ƙi motsi, shi ya sa ake goge shi a bar kaɗan. Albarushin da ke cikin harsashi ba ya ci da sauri irin na lokacin zafi, iska mai sanyi kuma ta fi kauri, don haka harsashin yakan sauka ƙasa da inda aka saba. Saboda haka kafin kowace gasa sai 'yan wasa sun yi harbin gwaji sun gyara saiti daidai da yanayin ranar. Idan aka shiga da bindiga mai sanyi ɗaki mai ɗumi, takan yi raɓa kamar kwalbar lemo da aka ciro daga firji. In aka sake fita da ita ba a goge ba, raɓar ta daskare a ciki. Wani ɗan ajinmu, jikan mafarauci, ya ce kakansa da damina yake fama, lokacin da albarushi ke jiƙewa. A can kuwa ruwan ne ke zama dutse.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne jikin maharbin. Yana isowa filin harbi zuciyarsa na bugawa wajen sau 170 ko 180 a minti guda, ƙirji na sama da ƙasa, ɗan yatsan da zai ja kunama ya kusa mutuwa don sanyi. Duk da haka sai ya rage gudu tun kafin ya iso, ya daidaita numfashi, ya fitar da rabin iska ya riƙe, sannan ya ja a hankali. Mun ga wanda ya riga kowa isowa, ya yi gaggawa, ya kuskure biyu. Yana cikin zagayen tara wasu uku suka wuce shi.

Nan ne dariyarmu ta tsaya, domin mun tuna da namu. A zangon da ya wuce, bayan gasar wasanni tsakanin gidaje, mun so mu riga kowa kawo labari. Muka rubuta sakamakon tseren mita 400 da ka, ba mu je mun duba takardar alƙalai ba. Muka ba wani gida nasarar da ba tasa ba, sunan yarinyar da ta ci tseren kuwa ko a jerin bai fito ba. Ta zo ta tsaya gaban wannan allo ta karanta, ba ta ce komai ba ta tafi. Mun liƙa gyara bayan kwana biyu, amma waɗanda suka karanta na farko sun ninka waɗanda suka ga gyaran. Magana zarar bunu ce, in ji Hausawa. Har yau idan muka haɗu da ita a hanya kunya muke ji.

Ranar Talatar nan dai mun murza hannuwa, mun hura musu iska, mun gama rubutun. Mun makara asambili da ƴan mintuna, muka karɓi hukuncinmu. Kuma mun yanke shawara biyu. Ta farko, babu suna ko adadi da zai hau wannan allo sai mutum biyu sun duba shi daga tushe, ko da hakan zai sa labari ya kwana. Ta biyu, duk wanda ya bar kuskure ya wuce zai zagaya filin ƙwallo sau ɗaya a gaban sauran 'yan ƙungiya.

Don haka ɗalibai da malamai, ku karanta mu da idon basira. Wanda ya tsinci kuskure a wannan allo ya kai wa sakataren ƙungiya a lokacin tara. Za mu sanar da ranar zagayen, ku zo ku sha kallo.