Ratar Da Ke Ƙarƙashin Ƙyaure

A ƙarƙashin kowane babban ƙyauren ƙarfe akwai rata tsakaninsa da ƙasa. Dole ne mai walda ya bar ta, gama in babu ita ƙyauren ba zai buɗu ba. Domin a toshe wannan rata ne ake ɗaura doguwar roba a gindin ƙyauren, ta riƙa shafar ƙasa sa'ad da ake buɗewa da rufewa. Ba mai tunawa da ita sai ran da ta lalace. Ina so in faɗa wa ɗan'uwa mai karatu yadda muka sake ta a garejinmu, da abin da ya sa muka yi aikin da gaggawa.

Bari in fara da ƙasar da muke zaune a kanta. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce. Da rani takan tsage har mutum ya zura hannunsa a ciki, da damina kuwa, daga Yuni zuwa Oktoba, sai ta sha ruwa ta kumbura, ta kama ƙafa kamar danƙo. Ita ce ta mai da yankin nan rumbun Sudan, tun da aka soma noma da inji a Gadambaliya a shekarun 1940. Dawa da riɗi su ne arzikin garin, babban rumbun siminti da aka gina a shekarun 1960 kuma yana tsaye ana hangensa daga nesa. Amma inda hatsi yake, nan ɓera yake. Ƙasar da take kumbura tana kuma motsawa takan ɗaga daɓe a wannan gefe ta sauke shi a wancan, har ƙyauren da aka kafa daidai ya koma yana da rata mai faɗi a gefe guda. Ga zafin Afrilu da Mayu da yakan wuce digiri 40. Rana tana busar da roba, ta taurare, ta tsattsage, daga nan ta riƙa gutsurewa kaɗan kaɗan.

Garejin yana cikin harabar ikilisiyar da nake aiki. Dā tsohuwar mota ce a ciki da 'yan buhunan dawa, saboda haka ratar ba ta hana kowa barci ba. Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 shi ya sake lissafin. Mutane suka kwararo daga Khartum, sa'an nan a Disamba na wannan shekara suka sake kwararowa daga Wad Madani. Makarantu suka cika, gidaje suka cika. Muka tura motar waje, muka share garejin, muka shimfiɗa tabarmi domin wani iyali, tsohuwa da 'yarta da jikoki huɗu. Hausawa ne irinmu, zuriyar waɗanda suka taso daga yamma a kan hanyar Makka suka zauna a bakin kogi. Da harshe ɗaya muka gaisa.

Da watan Mayu ya kama, na je gaishe su da safe, sai tsohuwar ta kira ni gefe. Ta ce, "Ɗana, ba ƙorafi nake yi ba, kun yi mana abin da ya fi ƙarfin godiya. Amma jiya da dare na kashe kunama biyu kusa da kan yaron nan. Ta ƙarƙashin ƙofa suke shigowa." Na ce, "Iya, wannan ai ba abin ɓoyewa ba ne. Yau za a duba." Na durƙusa na duba. Robar ta rage guntu-guntu, a gefen hagu kuwa yatsuna uku suna shiga. Kunama kenan tun ruwa bai sauka ba. In hadarin farko ya zo da iska da ƙura, sa'an nan ruwa ya biyo baya, tabarmar nan za ta kwana cikin taɓo.

Robar da ake sayarwa musamman domin wannan aiki ba ta samuwa a kasuwa a lokacin, ko an samu ma kuɗinta ya fi ƙarfinmu. Na tafi wurin wani mai walda a unguwarmu, wanda muke kira Usta kamar yadda ake kiran masu sana'a a nan. Ya ji bayanina, ya ce, "Malam, kada ka sa robar cikin taya, ba ta da kauri, rana ɗaya iska za ta naɗe ta. Nemo tsohon bel mai faɗi na injin niƙa, akwai zare a cikinsa, ba ya yagewa." Muka samu a wurin mai niƙa, ya ba mu kyauta da ya ji ko domin wa ne.

Ga yadda muka yi. Da fari muka cire tsofaffin kusoshi, waɗanda tsatsa ta cinye muka sare kawunansu da kurfi da guduma. Muka kankare tsatsar gindin ƙyauren da burushin waya, muka shafa jan fenti, muka bar shi ya bushe. Sa'an nan muka rufe ƙyauren muka auna ratar a wuri biyar, gama ba daidai take ba daga wannan gefe zuwa wancan. Muka yanka bel ɗin bisa ga awon, muka ƙara kamar santimita ɗaya domin ya ɗan lanƙwasa a kan daɓe. In ya yi tsawo da yawa ƙyauren zai yi nauyin ja, robar kuma ta cinye da wuri. In ya gaza, aikin banza aka yi. Usta ya ɗora siririn ƙarfe mai faɗi a kan bel ɗin daga wannan kai zuwa wancan, ya ɗaure da noti a kowane taƙi guda. Ƙarfen yana hana robar yagewa a bakin noti, yana kuma rage wurin da ɓera zai sa haƙori. Abin da ya fi burge ni shi ne hudar da ya yi wa robar. Ya yi ta doguwa, daga sama zuwa ƙasa, domin in laka ta ɗaga daɓe ko ta sauke shi, a sassauta noti a matsar da robar, a sake ɗaurewa. Inda ƙyaure biyu suke haɗuwa a tsakiya, muka sa wata robar a tsaye ta rufe bakin. A ƙarshe muka ɗaga dokin ƙofa da ɗan siminti, muka gangarar da shi waje.

Gwajin ba shi da wuya. Ka shiga ciki da tsakar rana, a rufe ƙofa, ka duba ƙasa. Duk inda haske ya shigo, nan kunama za ta bi. Ƙaramin ɓera yana iya kutsawa ta ratar da ba ta wuce kaurin fensir ba. Jikokin tsohuwar ne suka yi mana wannan bincike, suna rarrafe suna ihu, "Baba, ga shi nan!" har muka toshe wuri na ƙarshe.

Sai dai kada wani ya ɗauka roba ta gama kome. A ƙasarmu akwai cutar kala-azar, wadda wani ɗan mitsitsin ƙuda yake kawowa, musamman a ƙauyukan da ke wajen kogin Atbara da na Rahad. Ƙudan ya fi sauro ƙanƙanta, roba kuwa ba ta tsare mai kwana a waje saboda zafi. Gidan sauro mai magani yana nan a matsayinsa, dole ne a rataye shi.

Ruwan farko ya sauka da dare, da iska mai ƙarfi. Da gari ya waye na tarar da taɓo ya taru a bakin ƙofa daga waje, ciki kuwa a bushe, yaran suna barci. Tun daga lokacin, kowace shekara in Mayu ya kama, nakan ɗauki sifana in bi ƙofofin harabar ɗaya ɗaya. Ɗan'uwa mai karatu, in akwai wanda yake kwana a ƙasa a bayan wata ƙofa taka, baƙo ne ko ɗan gida, ka shiga da rana ka rufe, ka duba ko haske yana shigowa, tun hadari bai haɗu ba.